Tsinken Geji Ya Tsaya A Kwata

A bakin wani babban tafki, inda jiragen ruwa masu inji ke ɗaure a jere kamar awaki a turke, akwai wani matuƙi da kowa ke kira Sha-Yanzu. Ba rago ba ne, ba kuma macuci ba. In tuƙi ne ya iya, ya san inda kowane dutse yake kwance a ƙarƙashin ruwa kamar yadda hannu ya san hanyar baki. Ciwonsa ɗaya ne, gaggawa. In aka miƙo masa shayi sai ya ƙona harshe. In ana yi masa kwatance sai ya kama hanya tun ba a kai kwana ta biyu ba. In ka fara magana shi zai ƙarasa maka ita, kuma ya ƙarasa ta a karkace. Matarsa, wadda tela ce, takan ce da a ce haihuwa a hannunsa take, da 'ya'yansu duk bakwaini ne.

Jirginsa na katako ne, mai nauyi, da rumfar tamfol a tsakiya da inji a baya. Tankin mai yana kwance a ƙarƙashin katakan daɓe. Kullum yana jigilar mutane da kaya tsakanin gaɓa da tsibirai. Amma akwai aiki guda da ya fi ji da shi. Sau ɗaya a wata yakan ɗauki ƙanwarsa Auta, malamar asibiti, da akwatin maganin rigakafin yara, ya kai ta babban tsibiri, tafiyar awa biyu. Ranar nan mata sukan taho da jarirai daga ƙananan tsibirai a cikin kwale-kwale, su taru a gindin bishiya suna jiran ta. Auta ce ta tsaya a gaban shugabar asibitinsu ta ce, “Yayana ne, na san jirginsa, na san tuƙinsa. In ya saɓa, ni za a kama.” Da bakinta aka ba shi aikin.

Wata rana gejin mai, agogon da ke nuna yawan man da ke tanki, ya mutu. Tsinkensa ya kwanta a kan babu, ko da tanki na cike maƙil. Sha-Yanzu ya ja jirgin zuwa rumfar Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, tsohon bakanike wanda gemunsa ya yi fari amma faratansa ba su taɓa yi ba. Kawu ya ɗaga katakon daɓe, ya cire wata waya daga saman tanki, ya taɓa ta a jikin ƙarfe. Tsinke ya yi tsalle.

“Geji lafiyarsa lau,” in ji Kawu. “Ɗan aikensa ne ya mutu.”

“Wane ɗan aike kuma?”

“Fulot. Wani ƙarfe ne a cikin tanki, mai dogon hannu, da ƙwallo a bakin hannun. Ƙwallon yana yawo a kan mai. Mai ya hau ya hau, mai ya sauka ya sauka, shi kuma yana aika wa geji labari ta waya. Geji bai taɓa ganin mai da idonsa ba, ɗana. Abin da aka gaya masa shi yake gaya maka.”

Kafin a samo sabo, Kawu ya fere masa sanda, ya yi mata tsaga huɗu da wuƙa. A buɗe murfin tanki, a tsoma, a zaro, a ga inda mai ya jiƙa. Sanda ba ta ƙarya. Amma Sha-Yanzu ya tsane ta kamar ciwon haƙori, don sauran matuƙa sun samu abin tsokana. Da ya fito da ita sai wani ya ɗaga murya: “Boka, me ka gano? Za a yi tafiyar ko akwai sammu?”

Bayan mako biyu ya samo sabon fulot a wani shago a cikin gari, yana ƙyalli a cikin kwali. Ya iso rumfar Kawu da sauri kamar wanda kare ya biyo. Ya tarar da tsohon ya baje injin wani a kan tabarmar buhu, kowane noti a cikin gwangwaninsa.

“Kawu, taso ka ɗaura mini.”

“Ka ga hannuna? Gobe da safe.”

“Gobe? Kusa biyar ce fa, da waya biyu. Ko Auta za ta iya ɗaura shi.”

Kawu ya goge hannu, ya karɓi kwalin, ya zaro fulot ɗin ya juya shi. “Irin wannan na kowane tanki ne, shi ya sa suke yi masa hannu zaƙaƙam. Naka tankin ba shi da zurfi. In ka dage kai za ka yi, to saurara. Da farko cire kan batir, mai ba ya wasa da tartsatsi. In ka zaro tsohon, ka kwantar da su gefe da gefe, ka...”

“Na gane, Kawu.”

“Me ka gane? Ban faɗa ba tukuna. Ka auna zurfin tanki da sandarka, ka yanke hannun daidai. Sannan kafin ka ɗaure kusoshi, ka haɗa waya, ka ɗaga ƙwallon da hannunka, ka sauke, ka ga tsinke ya kai cike ya kuma kai babu. Sabon fulot baƙo ne, ba a yarda da shi sai an ji shaidarsa sau biyu, da tanki a cike da kuma...”

Amma Sha-Yanzu ya riga ya kai bakin ruwa. Kawu ya bi ƙeyarsa da kallo, ya girgiza kai, ya koma kan notunansa.

A faɗi gaskiya, aikin ya fara da kyau. Ya cire kan batir, ya ɗaga katako, ya goge ƙasar da ta taru a saman tanki. Kusoshi huɗu suka fita salin-alin, ta biyar ta yi tsatsa, ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera ta, ta dai fita. Ya zaro tsohon fulot, sai ga ƙwallonsa ya huje ya sha mai ya yi nauyi. Nan ne ya kamata ya kwantar da shi kusa da sabon. Ina! Ya wurga shi cikin bokitin tarkace a ƙarƙashin benci. A cikin kwalin akwai wata takarda mai zane da lambobi, wadda ke nuna tsawon hannun da ya dace da kowane zurfi. Da ita ya goge baƙin man hannunsa.

Ya zura sabon ta bakin ramin. Ya ɗan tokare, ya murɗa shi, ya danna, ya shige. Ya sa sabuwar roba, ya ɗaure kusoshi, ya mayar da waya da batir. Ya je wurin mai sayar da mai aka cika tanki har yana tumbatsa. Ya murɗa makulli. Tsinke ya tashi a hankali, ya wuce rabi, ya wuce kwata uku, ya tsaya bai ƙarasa cike ba.

Mai hankali da nan zai tsaya ya ce, me ya hana shi ƙarasawa? Shi kuwa ya ƙwanƙwasa gilashin geji da farce, ya harari mai sayar da mai. “Kai dai jarkarka akwai magana.”

“Jarkata? Ga mai nan yana zuba a ƙafarka!”

Ya biya ta rumfar Kawu, ko saukowa bai yi ba, ya cilla sandar awo kan tudu. “Kawu, ga sandarka, ka kori kaji da ita. Minti ashirin na gama!”

Da ya koma gida ya tarar da matarsa ta shimfiɗa yadi a kan tebur, tef a wuya, alli a hannu. Ya ba ta labari tun bai cire takalmi ba.

Ta ce, “Kawu ya duba?”

“Ya duba me? Tsinke na motsi.”

“To, Baban yara. Ni dai shekarata goma sha biyar da almakashi, amma ko wandon jariri ba na yankawa sai na auna sau biyu.”

“Ke kike yanka. Ni ban yanki komai ba.”

“Allah ya sa ba nan gizo ke saƙa ba,” ta ce, ta koma kan yadinta.

Kwana goma geji yana aiki, ko a ce yana kama da mai aiki. Da yake Sha-Yanzu yakan ƙara mai tun tsinke yana wajen rabi, bai taɓa ganin yadda ƙarshen labarin yake ba. Har jarkar da yake ajiyewa don ko-ta-kwana ya juye ta a tanki wata rana, bai sake cika ta ba. Mai sabon geji me zai yi da jarka?

Ranar kai rigakafi ta zo. Kwana biyu kafin nan ya yi ta jigila ba hutawa, bai samu ya sha mai ba. Auta ta iso da sassafe cikin fararen kaya, ta rungumo akwatin sanyi kamar jariri. Ta ajiye shi a ƙarƙashin benci, ta ce, “Yaya, yau ba wasa. An ɗauke mana wuta jiya, ƙanƙarar ba ta kama sosai ba, ga murfin akwatin ya tsufa. In mun wuce azahar ban ba shi tabbas ba.”

“Azahar? Da hantsi kina can kina sa 'ya'yan mutane kuka.”

Ta leƙa geji. Tsinke ya ɗara kwata kaɗan. “Ba za mu sha mai ba?”

Ya dubi wurin mai sayar da mai. Jirage uku ne a layi, na gaba kuwa na wani matuƙi ne da ake kira Kunkuru, wanda sai ya tace mai da ƙyalle, ya tsoma sanda, ya zaro, ya sake tsomawa.

“In tsaya bayan Kunkuru? Sai gemu ya fito miki. Kwata ta kai mu tsibiri da ragowa, na yi ta ba sau ɗaya ba. A can ma akwai mai. Zauna kawai.”

A nan bai yi ƙarya ba, kwatar tanki takan kai shi. In dai kwatar gaskiya ce.

Ruwa ya kwanta luf kamar an shimfiɗa tabarma. Gaɓa ta yi ta ja da baya har ta zama zare. Suna tafe suna hira, Auta tana ba shi labarin wata tsohuwa da ke zuwa da jikokinta tagwaye, wadda kullum sai ta ce a yi mata allurar ita ma don kada a bar ta a baya. Can ya dubi geji. Tsinke ya sauko kan kwata daidai. Bayan wani lokaci ya sake dubawa, yana nan a kwata. Ya yi murmushi, ya shafa murfin inji.

“Kin ga injin nan? Shaƙar mai yake yi, ba sha ba. Tun ɗazu tsinke bai motsa ba.”

Ko rufe baki bai yi ba inji ya yi tari. Ya sake tari, ya yi gurnani, ya yi shiru. Jirgi ya ɗan ci gaba da ƙarfin gudunsa, sannan ya tsaya cak. Babu abin da ake ji sai ruwa yana lasar katako.

“Datti ne,” in ji Sha-Yanzu. Ya cire fulogi ya hura ya mayar. Ya kwance matatar mai ya duba. Ya bi tiyo yana matsawa. Ya tayar, ya tayar, har batir ya fara nishi. Ya zargi mai sayar da mai, ya zargi masu ƙera inji, ya zargi bakin matarsa. Rana ta ɗaga.

Auta ta ce, “Yaya, buɗe tanki.”

“Ke ba ki ga geji ba? Kwata!”

“Na gani. Buɗe dai.”

Ya buɗe murfi. Ya kai hannu inda sanda take zama, babu sanda, tana can tana korar kaji. Ya warware wata waya daga jikin rumfa, ya miƙe ta, ya tsoma har ta taɓa ƙasa. Ya zaro. Ko bakinta bai jiƙe ba. Ya dubi wayar, ya dubi geji. Tsinke yana nan tsaye a kwata, ko kunya babu.

 Auta ta duba wayar hannunta, babu sabis. Ta cire mayafinta ta jiƙa a ruwa, ta lulluɓe akwatin, ta tura shi can cikin inuwa. Shi kuwa ya ɗauki filafili ya kama tuƙi. Amma jirgin da aka yi don inji ba ya jin maganar filafili ɗaya. In ya tuƙa ta dama jirgi ya juya hagu, in ya koma hagu ya juya dama. Wata 'yar iska kuma ta taso tana tura su a hankali, tana raba su da hanyar da jirage ke bi. Tafin hannunsa ya yi bororo. Inuwar rumfa ta tattare ta koma ƙarƙashinsu, sannan ta fara miƙewa ta ɗaya gefen.

“Auta, ki yi magana mana. Ko zagi ne.”

“Zagi zai daskarar da ƙanƙara?” Ta sake jiƙa mayafin. “Ni ba kai nake tunani ba, Yaya. Matan can nake tunani. Wasu tun asuba suka baro gida, da goyo a baya da filafili a hannu.”

Wannan ne karo na farko a rayuwar Sha-Yanzu da ya zauna awa takwas wuri ɗaya ba shi da inda zai yi sauri ya je.

Sai bayan la'asar wani masunci mai ƙaramin inji ya hango su yana komawa gida. Ya matso, ya ji labari, ya leƙa geji, ya leƙa tanki. Ya zuƙo musu mai da tiyo daga nasa, yana tofar da yawu. Da zai tafi ya ce, “Malam, jirgi kamar wannan, ba ka da ko 'yar sanda?” Sha-Yanzu ya mayar da murfin tanki, ya tayar da inji.

Da suka isa tsibiri, bencunan gindin bishiya duk babu kowa, sai mata huɗu da tsohuwar nan mai tagwaye. Auta ta durƙusa ta buɗe akwati. Ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan ma ya fara ɗumi. Ta ɗauki ɗan ma'aunin sanyin da ke ciki, ya wuce jan layi da nisa. Ta mayar da murfi a hankali.

Sha-Yanzu ya matso, ya rage murya. “Ba za a yi wa ko waɗannan ba? Ai da sauran sanyi-sanyi.”

Ta ɗago ta dube shi. “Yaya, ‘ai da saura’ ce ta kawo mu nan. Ba zan sa ta a jikin ɗan wani ba.”

Tsohuwa ta gyara goyon ɗaya, ta kama hannun ɗayan. “'Yar nan, sai wani watan ke nan?”

“Sai wani watan, Iya. Ki yi haƙuri.”

“Haƙuri ai shi muka wuni muna yi.” Ta nufi kwale-kwalenta. Ba ta ko kalli matuƙin ba, shi kuwa da ma ta zage shi ya fi masa sauƙi.

Washegari ya ja jirgi zuwa rumfar Kawu, ya jira har tsohon ya gama abin da yake yi. Kawu bai yi faɗa ba. Ya kwance kusoshi biyar, ya zaro sabon fulot, ya lalubo tsohon daga bokitin tarkace, ya kwantar da su gefe da gefe a kan benci. Hannun sabon ya ɗara na tsohon da yatsu huɗu.

“Ka gani? Hannun ya yi wa tankin tsawo. Mai na sauka, ƙwallo na bin sa, har ya dira a ƙasan tanki ya zauna. Hannun bai gama saukowa ba, amma ba sauran wurin zuwa. Sai ya ci gaba da aika wa geji cewa akwai kwata, har abada. A sama ma haka, ƙwallo ya tokari rufin tanki, shi ya sa bai kai cike ba. Tun ranar farko ya gaya maka ba shi da lafiya, ka ce jarkar mutane ce.”

Ya ɗauko sandar nan daga bayan rumfa, ya auna zurfi, ya sa alama, ya datse hannun da filaya, ya mayar da ƙwallo. Ya haɗa waya, ya miƙa wa Sha-Yanzu. “Ɗaga.” Tsinke ya kai cike. “Sauke.” Tsinke ya kwanta a babu. Suka zura shi a tankin da suka tsiyaye, tsinke bai motsa daga babu ba. Duka aikin bai kai a sha kofin shayi ba, in mai shan ba Sha-Yanzu ba ne.

A asibiti kuwa an kira Auta ofis. An zubar da maganin wata guda, an rubuta mata takardar gargaɗi, ita da ba a taɓa ɗaga mata murya a wurin aiki ba. Ba ta kai ƙarar yayanta wurin kowa ba, ba ta kuma daina zuwa gidansa ba.

Da wata ya zagayo, Sha-Yanzu ya riga kowa zuwa bakin ruwa. Ya wanke jirgi, ya cika tanki, ya cika jarka, ya tsoma sanda ya zaro, babu wanda ya kira shi boka. Sai ga Auta cikin fararen kaya, rungume da akwati. Ta tsaya a gabansa.

“Yaya, ina kwana?”

“Lafiya lau, Auta. An gyara. Zo ki ga tsinken da idonki.”

“Na sani, Kawu ya gaya mini. Amma bakina ba ya da nauyi a ofis yanzu. Sun ba wani.”

Ta wuce shi, ta miƙa akwatin ga Kunkuru, wanda ya karɓa da hannu biyu, ya tsoma sandarsa, ya zaro, ya sake tsomawa, sannan ya tayar da inji. Sha-Yanzu yana tsaye da sanda a hannu, ya bi su da kallo har suka zama ɗigo a kan ruwa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Aiki bai ƙare ba don an ɗaure kusa ta ƙarshe, sai an auna, an gwada, an ga ya faɗi gaskiya a cike da kuma a wofi. Sabon abu ba shaida ba ne, kuma ma'aunin da ke ƙarya ya fi wanda ya mutu haɗari, don matacce yakan sa ka nemi sanda, maƙaryaci kuwa ya sa ka jefar da ita. In wanda ya fi ka sani yana magana, bari ya kai aya, sau da yawa abin da zai cece ka yana cikin rabin da ba ka tsaya ka ji ba. Kuma ka tuna, gaggawarka ba kai kaɗai take ci ba. 'Yan mintocin da ka ƙi bayarwa a gaɓa, wani ne zai biya su a tsakiyar ruwa, kuma yawanci wanda ya yarda da kai ne. Sauri ya haifi nawa, amanar da ta zube kuwa ba ta kwasuwa da filaya.